Esin da Auta Ya Sa wa Mama

Tun ranar da Auta ya fasa bangon ɗakin Mama ya cusa esin nan, na koma baƙuwa a gidan da ni nake share shi. Ni ce babbar 'yarta. Ni nake kwana a ɗakin da ke jikin nata, ni nake tuna mata maganin hawan jini, ni nake yanke mata farce. Keken ɗinkina ma a falo na kafa shi don in riƙa jin tarinta. Amma duk wanda ya shigo gaishe ta, kafin ya zauna sai an nuna masa akwatin da ke maƙale a bango, fuskarsa a ɗaki bayansa a waje.

"Autana ne ya sa mini. In ana zafi ya ba ni sanyi, in ana sanyi ya ba ni ɗumi. Yaron nan, Allah dai ya yi masa albarka."

Ni kuwa ina tsaye da tiren shayi, ba mai tambayar wa ya dafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi. Ina kishin ƙanena, kuma abin dariya, har akwatin ƙarfen ma kishinsa nake. Auta yana wani gari mai nisa yana sayar da kayan gini, kuma ganinsa sai an dace. Idan ya bugo waya, kafin Mama ta gama tambayar lafiyar yaransa ya ce ga mai saye ya shigo. Duk da haka, a bakinta shi ne ɗan da ya san ciwon uwa.

Da esin ya fara rashin lafiya, sai gurnani yake yi ba sanyi. Mama ta ce in kira mai shi. Washegari sai ga Auta da babbar motarsa. Ya ɓalle murfin gaba, ya zaro wata raga da ƙura ta yi wa bargo, ya wanke ta a banɗaki, ya shanya, ya mayar. Aikin ke nan. Amma da yake ya riga ya sha hanya, sai ya wuni. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadonta, tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun ba a haife shi ba, tana dariyar da na manta tana da ita. Bayan tafiyarsa, sai da kunnena ya gaji da jin "da hannunsa fa ya gyara."

Na ce a raina, wanke raga ne abin yabo? Ni da nake wanke zannuwan gadonta?

Sai na nufi shagon mai gyaran firji da ke bakin layinmu, wanda nake yi wa matarsa ɗinki. Na same shi ya kifa kai cikin wani tsohon injin wanki. Na ce ya koya mini ciwon esi da maganinsa.

"Ke ma sana'ar za ki ƙwace mana?" in ji shi yana dariya. "To ai irin na bangon nan ba shi da wani asiri. In ya daina sanyi, fara da ragar. In kin ga ƙanƙara a fuskarsa, kashe shi ya huce, kada ki sa wuƙa ki ce za ki kankare, nan ne ake yi mana ciniki. Mafi yawan waɗanda ke kirana da ihu, wallahi ko filogin ne ya saki ko an danna wani abu a rimot."

"In kuma ruwa ya shigo ɗaki fa?"

"Zagaya bayansa. Akwai 'yar huda a ƙasa inda gumin yake fita. In ta toshe, ruwan ba shi da hanya sai ta gabanku."

Na dawo gida ina jin kaina. Saura in ga ranar da za a ce da hannunta ta gyara.

Ba a daɗe ba ranar ta zo. Ana tsananin zafi, na shiga na tarar ɗakin Mama kamar murhu, esin yana ta huro iska mai ɗumi, ita kuma tana fifita da kwalin magani.

"Ya lalace," ta ce. "Kira Auta."

Na ɗauki rimot. Hoton rana ne a jiki, alamar ɗumi. Na danna ya koma sanyi, muka tsaya muna saurare har iskar ta canja. Na juyo ina murmushi, ina jira.

"Au, har kin gyara?" ta ce. "To, madalla."

Ta faɗe shi kamar wadda aka ce wa an fasa tafiya. Ta juya fuska bango.

Na fito zuciyata tana tafasa. Wato sanyin ma sai an duba hannun da ya kawo shi. Na hau keke na yi ta ɗinki har na karya allura. Mama inuwar giginya ce, na nesa ka sha sanyi. Haka na yi ta maimaitawa ni kaɗai.

Bayan nan esin ya zama kamar yaro mai laulayi. Wata rana ya ƙi tashi gaba ɗaya, na leƙa bayan kujera na ga filogin ya ɗan zaro, na ce ko ni na taɓa shi garin shara. Wata rana na ga labule ya rufe masa fuska ruf, har ya fara haɗa ƙanƙara. Kullum Mama ta ce kira shi, kullum in gyara kafin ta rufe baki. Ina jin daɗin hakan, daɗi mai ɗaci. Auta bai ma san ana yi ba. Ni ce nake tare masa hanya, kuma da gangan nake yi, don na ƙudura sai Mama ta buɗe baki ta ce ni ma na iya wani abu.

Sai ranar ruwa. Da hantsi na shigo da shayinta, ƙafata ta nutse a darduma. Ruwa ne yake bin bango daga ƙasan esin, ya yi layi a fenti, ya taru a gindin gado.

"Wannan kam ya fi ƙarfinki," in ji Mama, har da ɗan haske a fuskarta. "Ba aikin danna rimot ba ne. Kira shi ya zo ya gani da idonsa."

"Bari dai in duba."

"Ke dai ba a gaya miki magana."

Na ɗauki tsinken da nake zura zariya da shi, na zagaya lungun da ke tsakanin bangon gida da katanga, inda muke shanya. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin esin. Ga 'yar hudar nan kamar yadda mai gyara ya ce, kuma a toshe take. Na sa tsinke na ƙwaƙulo, ina zaton laka ce ko gidan zanzaro. Ruwa ya zubo mini a ƙafa shaa.

Abin da ya fito ƙyalle ne. Koren ƙyalle, ragowar rigar da na ɗinka wa matar mai gyara. An murɗa shi tamau, an naɗe kansa da zare, an yi masa ƙulli biyu. Na san wannan murɗin. Haka Mama take yi mana lagwanin fitila muna yara, ta murza a cinyarta ta ciji zaren da haƙori. Na duba ƙasa. A jiƙaƙƙen yashin lungun ga sawun silifas, ga ɗigon sandarta a gefensa, tafiya da dawowa.

Matar da sai na riƙe mata hannu take zuwa banɗaki. Ita ce ta lallaɓo har nan, ta sunkuya da wannan bayan nata, ta laluba hudar da ni sai da aka koya mini. Rimot ɗin ma ita ce. Filogin ita ce, labulen ita ce. Na daɗe a durƙushe ƙyallen yana ɗiga a hannuna, kuma kishin da na ji a lokacin ya shafe duk na baya.

Na shiga na buɗe mata tafin hannuna. Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yi musu ba.

"Mama, da kin faɗi fa a lungun nan?"

"Ai ban faɗi ba."

"Sai ki ce mini kewarsa kike yi."

"In na ce ina kewarsa, cewa zai yi sai ƙarshen wata. In abinsa ne ya lalace, gobe yana hanya." Ta gyara ɗankwalinta, muryarta ta yi ƙasa. "Ke ai kina nan."

Na san abin da take nufi, kuma na san ba da mugunta ta faɗa ba. Amma sai na ji maganar ta fito daga bakina da kanta.

"Ni dai ba a taɓa toshe ko kafar allura don in zo ba."

Ta miƙo hannu ta kama gefen zanena, ta riƙe kamar yadda take yi in za ta tashi tsaye, amma ba ta tashi ba. Esin yana ta aikinsa lafiya ƙalau, ɗakin ya yi sanyi.

Na zare zanena a hankali. Na koma lungun, na durƙusa, na mayar da lagwanin cikin hudar, na danna shi da tsinke har ya zauna daram, fiye da yadda ta sa shi. Na goge sawun sandar da ƙafata. Daga nan na kira Auta.

"Yaya, lafiya? Ina tare da mutane fa."

"Esinka ne yake zubar da ruwa a ɗaki. Har dardumar ta jiƙe."

"Ba za ki ɗan duba ba? Ko ki kira mai gyaran nan na layinku?"

"Na duba," na ce. "Ya fi ƙarfina. Sai kai."

Ya yi tsaki kaɗan, ya ce to, gobe da safe zai taso.

Da na leƙa ɗakin don in ajiye bokiti a ƙarƙashin ɗigon, na tarar Mama ta jawo akwatinta tana bincike. Ta ciro shuɗin mayafin nan da ba ta sawa sai za a yi baƙo na musamman, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

"Ɗan goge mini wannan."

Na karɓa, na je na jona dutsen guga.