Yara Biyar da Gwangwanin Madara

"Mama, wai mu bahagwai daƙiƙai ne?"

Maman Lele tana tsugune tana kwance mata igiyar takalmin makaranta lokacin da tambayar ta faɗo mata a ka. Ta ɗago ta dubi 'yar tata. Shekarunta takwas, ajinta uku, kuma tun da ta fara riƙe cokali da hagu take riƙewa. Ta tambaye ta wa ya faɗa mata haka. Sai Lele ta zaro wata takarda daga jaka ta miƙa mata, da hannun dama, tana yi kamar hannun aro ne.

Takardar daga Hedimasta take. Ya rubuta cewa ya yi bincike a kan jarrabawar lissafi ta aji uku, ya gano matsakaicin makin masu rubutu da dama hamsin da takwas ne, na masu hagu kuwa hamsin da ɗaya. Ya ƙara da cewa kashi sittin cikin ɗari na bahagwai sun faɗi, alhali na dama kashi talatin da ɗaya ne kacal. Saboda haka daga ranar Litinin kowane yaro da dama zai yi rubutu, don amfanin kansa. Har an fara gwadawa yau. Maman Lele ta buɗe littafin 'yarta ta ga shafin ranar: haruffa sun karkace, sun hau kan juna, an goge wuri ɗaya har takardar ta huje. A shafin jiya kuwa rubutu ne tsaf, kamar an jera shi da zare.

Ranta ya ɓaci, ba don ba ta fahimci lissafin ba, sai don ta fahimce shi sarai. A ɗakin gwaji na wani kamfanin zare take aiki. Kullum sai an kawo mata zare daga inji biyu ta ja shi a na'ura har ya tsinke, ta rubuta ƙarfinsa, ta faɗa ko ɗaya injin ya lalace ne ko kuwa bambancin na dace ne kawai. Shekara shida tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin rana ɗaya da injinan biyu suka ba da lamba iri ɗaya ba. Ta sake duba takardar sama da ƙasa tana neman abu ɗaya, ba ta gan shi ba: yara nawa ne bahagwan?

Baban Lele ya ce ta bi a hankali, mutumin nan shugaban makaranta ne, kuma ga alƙaluma ya kawo. Ta ce masa ita ma da alƙaluman take cin abinci. Ya yi dariya ya ce to, Allah ya jiƙan Hedimasta tun kafin gobe. Ita ba ta yi dariyar ba.

Da safe ta nemi izini a wurin aiki ta nufi makarantar. Malamar aji, wata doguwa mai sanyin murya, ta nuna mata takardar maki tana waige-waige. Yara arba'in ne a ajin. Bahagwai biyar. Makinsu talatin, arba'in da huɗu, arba'in da bakwai, sittin da biyu, da saba'in da biyu. Mai saba'in da biyun Lele ce. Mai talatin ɗin kuwa, in ji Malama, da zazzaɓi ya rubuta jarrabawar, kansa a kan tebur. Kashi sittin ɗin da aka tsorata iyaye da shi yara uku ne cikin biyar. Da hamsin ake cin jarrabawar; da mai arba'in da bakwai ɗin ya samu ƙarin amsa biyu daidai, da kashin ya koma arba'in.

Maman Lele ta zauna a bencin baranda ta yanka takarda gida arba'in, ta rubuta makin kowane yaro a gaba, lambarsa ta rajista a baya. Ta juye fensiran da ke cikin wani gwangwanin madara na Malama, ta zuba takardun a ciki, suka shiga ofis tare.

Hedimasta dattijo ne mai tsabta, da biro uku a aljihun gaba. A bangon bayansa ya manna zanen bincikensa: dogayen sanduna biyu, shuɗi da ja, jan ya gaza. Ya karɓe ta da fara'a, ya ce yana jin daɗin iyaye masu kula. Da ta fara magana sai ya katse ta, ya ce shi ba ƙiyayya yake wa kowa ba, lamba ce ta nuna, kuma hamsin da takwas ta fi hamsin da ɗaya ko a wurin ɗan aji ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ta fi," in ji ta. "Abin da nake tambaya shi ne, in ka ɗebi kowane yara biyar a ajin nan ido a rufe, sau nawa za su ba ka hamsin da ɗaya ko ƙasa da haka?"

Ya ce bai gane ba. Ta bayyana masa yadda suke yi a wurin aiki. Da farko sai a ɗauka babu wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu, sannan a duba ko dace kaɗai zai iya haifar da tazarar da aka gani. In dace yana kawo irinta a kai a kai, ba a taɓa injin. Sai in da ƙyar take fitowa, ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin, sannan ake kiran makaniki. Hedimasta ya ce yara ba inji ba ne. Ta ce shi ya sa ma ya kamata a fi yin hattara da su.

Malama ta girgiza gwangwanin ta zaro biyar. Maman Lele ta haɗa a wayarta ta raba: sittin da ɗaya. Aka mayar, aka girgiza, aka sake: hamsin da biyar. Sai sittin da shida. Sai hamsin. Hedimasta ya duba agogo, ya amsa waya, ya sa hannu a wata takarda, ya tambaya ko an kusa gamawa. Maman Lele ta ci gaba da rubutawa. Da suka cika ashirin ta juya masa takardar. Sau huɗu yaran da aka ɗebo ba tare da duba hannun kowa ba sun ba da hamsin da ɗaya ko ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wataƙila Malama tana leƙawa kafin ta zaro. Malama ta sunkuyar da kai. Ya nannaɗe hannun riga, ya kawar da fuska, ya tsoma hannu da kansa, ya jera biyar a kan tebur, ya yi lissafin da bironsa don bai yarda da waya ba. Arba'in da tara.

Maman Lele ta matso kusa da tebur. Ta roƙe shi ya juya takardun ya duba lambobin. Ya buɗe rajista yana bi da yatsa. Duk biyar ɗin masu rubutu da dama ne. Ta jira ya faɗi abin da kowa a ɗakin ya gani.

Sai ga fuskarsa ta washe.

"Malama, uku daga cikin biyar ɗin nan ba a layin baya suke zama ba?"

Malama ta ce e, a can suke.

"Ashe nan matsalar take," in ji shi, yana laluben biro. "Layin baya."

Maman Lele ta ce masa hannunsa ne ya zaro su daga gwangwani yanzun nan, kuma kowane biyar ya zaro sai ya samo abin da ya haɗa su in ya nema, ko tsawo ne ko launin jaka. Ya ɗaga mata hannu cikin ladabi, ya ce ya gode ƙwarai, ta buɗe masa ido. Maganar hannu a jingine ta tukuna, tunda ga babban dalili ya fito. Ya miƙe ya ɓare zanen sandunan daga bango, ya juya bayan takardar, ya fara jan sababbin sanduna da rula.

A baranda Malama ta karɓi gwangwaninta tana mayar da fensira, ta ce cikin raɗa ko ba komai an samu abin da aka zo nema. Maman Lele ta ce an samu, amma mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba. Ta leƙa ta tagar aji uku. Malama ta shiga ta sanar an jingine maganar hannu, Lele ta mayar da fensir hannun hagu ba tare da ta ɗago ba, ta gyara zaman littafinta a karkace yadda ta saba. A layin baya kuwa yara takwas suna ta kwafar aiki daga allo, ba su san an fara zana musu tasu jar sandar ba. Maman Lele ta tsaya ta ƙirga su, ta roƙi Malama ta ajiye mata takardun nan arba'in kada a zubar.

Ke da kike karanta wannan, da kai ma, ranar da aka aiko muku da takarda mai kashi kaza cikin ɗari a kan ɗanku, kada ku sa hannu sai kun tambayi yara nawa aka ƙirga, kuma ko an gwada abin da dace kaɗai zai iya kawowa. In ba a ba ku amsa ba, kada ku bari a taɓa ko yatsan yaron.