Notin da Ya Yi Saura

"Wa ya taɓa kayan nan?" in ji Tela. Yana tsaye a bakin rumfar babur, riƙe da wani kwali wanda babu komai a jikinsa sai huji.

"Ni ce," Gwaggo ta amsa daga tsakar gida, ko tsintsiyar ba ta ajiye ba. "Mutane suna zuwa dubiya, a bar musu gida kamar bola? Ga su can a roba. Har wanke su na yi."

Tela ya leƙa robar. Notuna ne sun fi arba'in, dogaye da gajeru, sun sha sabulu suna ta ƙyalli. Bai iya yi mata faɗa ba, don Gwaggo yayar maigidan ce, ta zo jinya daga nesa, kuma da zuciya ɗaya ta yi aikinta. Garin neman gira dai aka rasa ido.

Maigidan kuwa, duk layin Mai Giwa ake ce masa, saboda babur ɗinsa da ya sa wa suna Giwa. Ƙatuwar aba ce shuɗiya ta doguwar tafiya, wadda in ta faɗi sai mutum uku sun taru kafin ta tashi. Shekara goma sha huɗu yana tare da ita, tun kafin ya bar aiki a gidan ruwa. Yakan yi tafiyar kwana biyu don kawai ya ga wata gada, ya dawo ya zauna a shagon Tela da ke jikin katangarsa yana ba shi labarin kwanoni da hawa da gangara, Tela yana taka keken ɗinki yana cewa "to, to". Duk abin da shekaru suka rage masa a jiki, sai ya gyara shi a jikin babur. Da baya ya fara ciwo ya ɗaga hannuwanta. Da wuya ya hana shi jure iska ya sa mata dogon gilashi. Sirdin ma sau uku Tela yana sake masa soso da fata. Bakanike kuwa bai taɓa ɗora mata hannu ba. Mai Giwa ya ce duk wanda ya shigo da guduma a aljihu ba zai ga cikinta ba.

A bana hannun hagunsa ne ya daina matse kuloci. Sai ya cire robobin da suka lulluɓe injin, ya buɗe murfin gefe don ya sa wa kulocin sifirin masu taushi, waɗanda ba sa wuyar matsewa. Yadda ya saba aiki shi ne ya zana hoton murfin a kwali, ya huda, kowane noti ya fito sai ya soke shi a daidai gurbinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ya riga ya sa sifirin ɗin, saura rufe murfin, sai ciwo ya kayar da shi. Sati uku a asibiti, sannan likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, kuma kowa ya gane irin hutun da ake nufi.

Tela ya ɗauki robar ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Matar gidan ta gyara wa mijinta matashi, ta matsa gefe. Mai Giwa ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya dubi robar, ya dubi kwalin, ya lumshe ido.

"Yaya ce ko?"

"Ita ce."

"Tun muna yara haka take. Ta taɓa wanke mini rediyo." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Tela, ba na so in tafi in bar ta da ciki a buɗe. Ina so in ji muryarta. Kai za ka rufe mini ita."

"Ni? Maƙwabci, ni fa ban wuce allura da zare ba."

"Shi ya sa. Kai ba ka tura abu da ƙarfi. Miƙo robar nan."

Ranar a kan gadonsa aka yi aikin. Aka ɗora masa faranti a cinya, yana ɗaukar noti ɗaya ɗaya yana murza shi tsakanin yatsu, ido a rufe. "Wannan na sama ne, kusa da wayar kuloci. Wannan na robobin da suka lulluɓe injin ne, ajiye shi daban." Tela yana sokewa a kwali. Kafin a kai rabi ƙarfinsa ya ƙare, sai ya koya wa Tela dabarar sauran: ya zura tsinke a kowane rami ya auna zurfinsa, ya nemo notin da ya dace. In ya sa dogo a gajeren rami zai fasa injin, in ya sa gajere a dogon rami mai zai riƙa tsiyaya.

Kwana biyu Tela bai buɗe shago ba. Masu ɗinki suka yi ta sintiri, yana ce musu gobe, wanda dama ba baƙon abu ba ne a bakin tela. Yana tsugune a rumfa da tef ɗin awo a wuya, yana auna tsinke kamar mai yankan wuyan riga. In ya rikice sai ya je bakin taga ya tambaya, amsa ta fito a hankali. "Kada ka ɗaure ɗaya ka gama. Bi su gicciye, kaɗan kaɗan. In sifana ta fara yi maka gardama, tsaya." A rana ta biyu da la'asar ya zuba baƙin mai, ya mayar da robobin, ya share hannu. Sai ya duba kwali, ya duba roba. Noti ɗaya yana kwance a gindin robar, baƙi, matsakaici.

Ya zagaya babur ɗin sau uku bai ga rami ba.

"An gama?" matar gidan ta tambaya daga ƙofar kicin. "Tun ɗazu yake tambaya."

"Saura kaɗan, uwargida," in ji Tela, ya jefa notin a aljihu.

Kunya ce ta kama shi, ba wani abu ba. Mutum ya ba ka amanar abin da ya hana duniya taɓawa, ka je ka ce masa ka yi saura? Washegari tun da hantsi ya sake bin duk abin da ya ɗaura. Ya cire robobin, ya bi murfin rami bayan rami, ya leƙa ƙarƙashin tanki, ya kwanta a ƙasa har bayansa ya riƙe. Kowane rami da notinsa. Yinin nan kaf ya tafi a haka, kuma a yinin nan ne Mai Giwa ya daina karɓar abinci. Da yamma matar ta fito ta tsaya a kansa. Ba ta yi faɗa ba.

"Tela, in akwai abin da ya gagara, ka faɗa masa. Ba na jin yana da kwanaki da yawa na jira."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tela ya shiga ɗakin, ya durƙusa a gefen gado, ya sa notin a tafin maƙwabcinsa. "Na rufe ta tun jiya. Wannan ya yi saura. Na rasa gurbinsa, na kasa faɗa maka."

Mai Giwa ya murza shi, ya daɗe yana murzawa. Sai leɓensa ya motsa.

"Wannan ba nata ba ne."

"Na'am?"

"Zarensa ya yi kauri. Na ƙafar injin niƙan markaɗe ne, wanda ya ɓata bara. Yaya ta share shi ta haɗa." Ya numfasa. "Yini guda ka ci mini a kan notin markaɗe, Tela."

Tela ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa. Ya ji haushin kansa ƙwarai, har ya kasa ɗaga kai.

"Tashi," in ji Mai Giwa. "Rana ba ta faɗi ba."

Kafin magariba Tela ya mayar da robobin, hannunsa ya riga ya san hanya. Direban tasi na ƙarshen layi ya kawo mota da wayoyi saboda batirin ya yi sanyi, shi da wani mai wanki suka taya aka turo Giwa har gindin taga. Matar ta ɗaga labule, Gwaggo ta tallafo ƙaninta ya jingina da ita. Tela ya murɗa makulli, ya danna maɓalli. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. A na uku ta kama, da wata murya mai kauri wadda ta sa gilashin tagar rawa.

Mai Giwa ya karkata kai yana saurare, kamar yadda ake sauraron mai magana a ɗaki na kusa.

"Matse kulocin," ya ce. Matar ce ta maimaita da ƙarfi don Tela ya ji.

Tela ya matse da yatsu biyu. "Taushi kamar soso."

"To. Bar ta ta yi zafi." Suka bar ta wajen minti goma. Sannan ya ɗaga yatsa, Tela ya kashe. "Saura abu ɗaya. Aiki sai ya kwana ake yabonsa. Da safe ka duba ƙarƙashinta, in mai bai ɗiga ba ka zo ka faɗa mini."

Tela ya je shago ya yanko farin ƙyalle, ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin, ya danne gefunansa da duwatsu don kada iska ta ɗauke.

Gari na wayewa ya shigo. Ya tsuguna ya zaro ƙyallen, ya ɗaga shi ga haske, ya juya bayansa. Babu ko ɗigo. Ya miƙe da saurinsa ya nufi ɗaki, sai ya ga matar gidan zaune a dokin ƙofa, hannuwanta a kan gwiwa. Daga ciki ana jin kukan Gwaggo ƙasa ƙasa.

"Ya cika, Tela," ta ce. "Bai daɗe ba. Yanzu nake shirin aika maka."

Tela ya yi salati. Ya tsaya a wurin, ya rasa inda zai sa abin da ke hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Ya ce in zo in faɗa masa." Ya nuna mata ƙyallen. "Bai ɗiga ba, uwargida."

Ta miƙo hannu ta karɓa. Ta duba gaba, ta duba baya, kamar yadda ya yi. Sannan ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta shafe shi da tafin hannu, ta fara ninkewa a hankali.