Motoci Ba Huruminmu Ba Ne

Anti mai ɗinki ta ja da baya da sauri, saura ƙiris ruwan da wani ɗan sanda ya watso ya wanke mata ƙafa. Baƙin ruwa ne mai ɗoyi, daga ɗakin tsare mutane aka kwaso shi. Tir! Ta toshe hanci da gefen mayafi. Ashe sun san yadda ake riƙe tsintsiya. Wata da watanni tana zarya a ofishin nan saboda ƙaninta Auta, ko bakin ƙofa ba ta taɓa ganin an share ba, sai yau da kwamitin majalisa mai kula da harkar tsaro zai zo duba wurin.

Auta gyaran waya yake yi. Wani ya kawo masa gyara, ashe ta sata ce, aka yi awon gaba da shi. Ba kotu, ba beli, kullum sai "ana bincike". A rediyo Anti ta ji cewa duk wanda kwamitin ya tarar a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, nan take za a sa a sake shi. Shi ya sa ta rufe shago ta taho.

Tana tsaye ta ga ana fito da waɗanda ke tsare ta ƙofar baya, ana tura su cikin baƙar motar ɗaukar fursunoni kamar buhunan gawayi. Ta hango Auta, ya zama ƙashi da rai, yana riƙe da wandonsa kada ya zame. Aka rufe, aka ja motar bayan gini, aka bar ta cikin rana.

"Sajan, ina za ku kai su?" ta tambayi wanda ke gadin ƙofa.

"Shan iska," in ji shi, yana dariya. "Anti, yau ba ziyara. Manya za su zo."

Sai da rana ta take manyan suka iso, da jiniya da ƙamshin turare. Babban jami'in ofishin ya zagaya da su. Daga inda take tana iya hango ɗakin: fenti ɗanye, sababbin tabarmi, bokiti ko takardar kanti ba a ɓare masa ba. Shugaban kwamitin ya leƙa kai, ya ce madalla, ya gyara hula aka ɗauki hoto. Ko a ce wani ya tambayi yadda aka yi ofishi guda ba shi da mai laifi ko ɗaya!

Da suka nufi rumfar da aka jera musu abinci, ta kutsa ta sha gaban mace ɗaya tilo da ke cikinsu.

"Ranki ya daɗe, don Allah ki taimake ni. Ƙanina yana nan. Duk suna cikin motar can ta baya, tun safe."

'Yar majalisar ta dube ta, ta dubi inda ta nuna. Har ga Allah ta taka, ta bi Anti zuwa kusurwar ginin. Daga nan ana jin bugun ƙarfe daga ciki, da muryoyin da suka dishe. Fitsari na ɗiga ta ƙarƙashin motar, ƙudaje sun yi dandazo. Matar ta tsaya cak, ta danna hankici a hanci, ta kira shugaban.

Ya zo yana goge hannu. Ya saurari bugun sarai, sannan ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, mu ɗakunan tsarewa aka turo mu dubawa, kuma mun duba. Motoci ba huruminmu ba ne, suna ƙarƙashin kwamitin kayan aiki. A majalisa ba ma shiga aikin juna."

"Ranka ya daɗe, ai mutane ne a ciki!"

"Na ji. Ki kai kukanki can in an dawo hutu. Mutanen kirki ne, za su saurare ki."

'Yar majalisar ta sunkuyar da kai ta bi bayansa. Kunya dai ba ta kashe kowa ba a ranar. Babban jami'in ya watsa wa Anti harara, ya raɗa wa direba wani abu.

Ana cikin cin nama, 'yan jarida na zagaye da rumfar, motar ta tashi ta fice ta ƙofar baya. Anti ta bi ta da gudu tana kiran Auta, takalminta ɗaya ya tsinke, motar ta sha kwana ta ɓace cikin cunkoso. Ta dawo tana haki.

"Ke kika jawo," in ji Sajan, yana sakace haƙori. "Da kin kama bakinki, suna tafiya za mu mayar da su ɗaki. Yanzu kin nuna wa 'yan jarida mota, Oga ya ce a raba su wasu wuraren."

"Ina? Ina aka kai min shi?"

"Wa? Majalisa da kanta ta duba, ba ma riƙe da kowa."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu, tana jin tafi daga rumfa. Da safe dai ta san inda ƙaninta yake.