Ƙaho a Cinyar Isiyaku

Isiyaku ya daɗe yana allurar ciwon sukari ba abin da ya same shi. Matarsa Barira ce ke yi masa safe da yamma, kwalbar kuma tana binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, tunda ba wuta a ƙauyen. Sai irin wadda ya saba da ita ta yanke a kemis ɗin Kura. Aka ba shi wata, aka ce duk aikinsu ɗaya.

Tun allurar farko wurin ya tashi. Ya yi ja, ya yi tauri, ya ɗau zafi. Isiyaku ya yi ta susa har fatar ta saluɓe.

"Ruwan kanal ne," in ji shi. "Wa ya taɓa shiga dashen shinkafa ya fito bai yi susa ba?"

"Malam, ruwan kanal ɗin ne ya hau har cibiyarka? Duk inda na soka, nan ke tashi."

"To hannunki ne ya lalace."

Ta bar cinya ta koma ciki, ta bar ciki ta koma damtse. Ko'ina ta taɓa sai ya kumbura. Ta roƙe shi su koma asibiti, ya ce sai an gama dashe, don in ruwan ban gona ya wuce layinsu ba mai dawo masa da shi. Wata safiya ta ɗauko sirinji, ya ture hannunta.

"Na gama. Ciwon da na sani ya fi wannan sauƙi."

Ranar da ta je suna Bunkure ta dawo ta tarar da takalman baƙo a ƙofar zaure. Baballe wanzami ne. Isiyaku na kwance a tabarma, wando a naɗe, ƙaho ya kama cinyarsa daidai kan kumburin. Baballe ya cire ƙahon ya juye guda-gudan baƙin jini cikin ƙasa.

"Uwargida, sannu da dawowa. Zo ki ga abin da likitocinki suka tara wa bawan Allah."

"Baballe, tsaga shi ka yi?"

"Yo da lallashinsa zan yi? Mataccen jini ne. Ubansa ma ni na yi masa, ya tashi ya ɗau garma."

"Ubansa ba shi da sukari!"

"Barira, shiga gida," in ji Isiyaku.

Ta shiga. A tsakar gida ta tsaya, mayafin suna na kanta. Bara kututturen dawa ya ɗan yanki Isiyaku a ɗan yatsa, sai da damina ta fita kafin ya rufe. Yau kuma aska aka sa masa da gangan.

Tsagar ba ta rufe ba. Washegari ya ɗaure ta da tsumma ya koma cikin taɓon gona. Ba allura, sai shan ruwa kamar ana zuba wa rairayi, sai zagayawa bayan gida. Ya rame a tsaye. Da mako ya kewayo cinyar ta fara wari, zazzaɓi ya kwantar da shi, yana kiran sunan ma'aikatan dashe yana ce su matsa layi. Barira ba ta ƙara neman izini ba. Ta aika aka kira ƙanensa Hashimu, suka kinkime shi suka sa a adaidaita.

A asibiti wata likita ta dubi kwalbar da Barira ta ƙulle a gefen zane, ta dubi tabon susa a cikinsa da damtsensa.

"Mama, ina zaton ba maganin kansa jikinsa ya ƙi ba. Akwai sinadarin da ake zuba wa a ciki don kada ya lalace. Wasu fatarsu ba ta jure shi. Da kun zo, da mun gwada wata iri, mu ba shi maganin ƙaiƙayi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, da." Ta ɗaga tsumman, ta dubi mikin. "Wa ya yi wannan?"



Aka ɗaura masa ruwa, aka wanke miki, aka yi masa wata irin allurar sukarin. Sannan likitar ta cire biro daga aljihu ta zagaye jan da ke cinyar da layi.

"In jan ya tsaya cikin layin nan, za mu riƙe shi. In ya tsallaka, sai Kano, wurin masu tiyata. Ba zan yi miki alkawarin ƙafar ba."

Da hantsi washegari Isiyaku ya farka, idonsa ya washe. Ya ɗaga riga ya shafa inda aka yi sabuwar allurar. Fatar lafiya lau, ko ɗigon ja babu.

"Barira, kin gani? Wannan ba ta tashi ba."

"Na gani, Malam."

"Ki ce wa Hashimu ya je ya buɗe mini ruwa a gona. Jibi zan leƙa da kaina."

Ta yaye zanen da ke kan cinyar. Jan ya haye layin biron da faɗin yatsa biyu, ya doshi gwiwa. Ta mayar da zanen ta rufe, ta fita baranda ta ce wa Hashimu ya nemo motar Kano.