Sunan da Injin Ya Yanka

Sukurdireba ɗaya, faifan kwamfuta na fulofi biyu, wayar haɗa inji mai haƙora tara, gurasa a leda. Abin da Hajara ta ɗauko ke nan. A bakin gada sojoji suka tsayar da bas ɗin da ta hau, suka sauke samari uku marasa takardar hidimar soja. Ba ta kalle su ba. Haka aka ɗauke ƙanenta Jafaru wata bakwai da suka wuce, tana Indiya tana karatun kwamfuta.

A Kasuwar Libiya, Hussein mai rubuta allunan talla yana jiranta a ƙofar shago. Bashmuhandisa yake kiranta, wato babbar injiniya.

"Bashmuhandisa, kwana uku ke nan injin yankan haruffa ya yi gum. Kwamfuta tana magana, shi ya toshe kunne, sai ka ce surukina."

"Me ka saka mata?"

"Modem kawai. Wallahi."

Ta duba. Direban modem, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ya ƙwace kafar da injin yake amfani da ita. Ta cire shi, ta ɗora tsohon direba daga faifai, ta mayar da injin kan kafarsa ta COM1. Kwamfutar ta ci minti shida kafin ta tashi.

"Aikin gaggawa ne," in ji Hussein. "Auren shahidai, ranar Juma'a. Yara goma sha ɗaya, duk a yaƙin Kudu suka faɗi. Kin san tsarin: ƙyalle mai sunan mamaci a ƙofar gida, ganguna, buhun sukari, a ce uwa ta yi guɗa. Iyalan ma sai gobe za a gaya musu."

Wuƙar injin ta motsa. Aikin da ya maƙale ya fara fita a kan koriyar leda. Hussein ya ɓare na farko, ya ɗaga.

Jafaru Muhammad Sani, Alsahafa.

"Tsaf! Shayi ko karkade?"

Bai taɓa tambayar sunan mahaifinta ba, balle ya san ƙanenta ne.

"Yaushe sojoji suka kawo sunayen?" in ji Hajara.

"Lahadi."

Ta tattara kayanta. Ba ta sha komai ba.

Da la'asar ta isa unguwarsu, Alsahafa. Mahaifiyarta, Barira, tana yanka kuɓewa a tsakar gida. Hajara ta tura ƙofa, ta zura sakata.

"Sakata tun da rana? Injin ya ƙi gyaruwa ne?"

"Ya gyaru. Inna, ajiye wuƙar."

Barira ta dube ta, ta ajiye.

"Daga bakina za ki ji," in ji Hajara. "Kuma ranar Juma'a ba wanda zan buɗe wa ƙofar nan."