Ranar da Mai Ƙwai Ta Shiga Ƙarƙashin Mota

Bakanike ne ya fara yanke wa motar hukunci. Ya zauna a mazaunin direba, ya tayar, ya saka giya, ya jira injin ya yi ta kuka kafin motar ta yunƙura, sannan ya fito yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Hajiya, giyar nan ta gama aiki," in ji shi. "Otomatik in ta fara haka, sai dai haƙuri. In kin samu mai saye, ki rabu da ita tun tana motsi."

Mai Ƙwai ta yi masa godiya ta karɓi makullinta. Da wannan sunan kowa ya san ta a layinsu, don shekara ashirin ke nan ita da mijinta suna cin abinci da ƙwai. Shi ne yake zuwa gonakin kaji da a-kori-kurarsa ya ɗauko, ita kuma ta raba wa masu shaguna da masu shayi. Wata bakwai da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Sati uku ta yi tana kuka, a na huɗu ta share hawaye ta hau sitiyari. Ta gogi ƙofar gida da motar sau biyu, ta tsorata wani mai keke sau ɗaya, amma ba ta taɓa fasa ƙwai ko kiret ɗaya ba. Da motar nan ake cin abinci a gidan, da ita ake kai mai jinya asibiti.

Maganar bakanike ba ta kwana ba sai da ta isa kunnen Yaya, wan mijinta. Yaya ba mugu ba ne, Allah ya sani, shi ne ya yi ta zirga-zirgar asibiti lokacin da abin ya faru. Matsalarsa ɗaya ce: in kwana biyu suka wuce bai yanke wa wani shawara ba, jikinsa ba ya yi masa daɗi. Ya zo ranar Alhamis, ya tsaya a tsakar gida, ƙanensa na zaune a kujerar roba a gabansa, amma da matar yake magana ta saman kansa.

"Na samu mai saye. Asabar da la'asar zan zo da shi. Ki huta da wannan wahalar, mace da yawon gonaki! Abin da aka samu sai a buɗe miki ɗan shago a ƙofar gida."

"Yaya, shagon me zan buɗe in ba ni da abin ɗauko kaya? Man giya ne kawai ya tsufa. Tun bara ya kamata a canza, sai ciwo ya riga mu."

"Bakanike ya ce ta mutu."

"Bakanike ko bonet bai buɗe ba. Ka ba ni zuwa Asabar ɗin. In kun zo ba ta tafiya daidai, da hannuna zan miƙa makulli."

Yaya ya yi dariya har da riƙe hula. Ya ce ya yarda, don shi a ganinsa ciniki ya riga ya faɗa.

Ita kuwa ba cika baki ta yi ba. Duk shekara biyu mijinta yake canza man giyar nan da kansa, a nan tsakar gida, don bai yarda kowa ya taɓa masa ita ba. Kuma duk ranar da zai yi, ita ce mai miƙa sufana, mai riƙe kwano, mai shan faɗa in ta miƙa lamba goma sha biyu alhali goma ya ce. Ta san aikin kamar yadda ta san hanyar ɗakin girkinta.

Ranar Juma'a ta shiga kasuwar kayan mota da tsohon galan ɗin mai a hannu, don kada a yi mata sauyi. Mai shagon ya ɗauko mata wani mai araha ya ce ai duk ja ne. Ta ce masa jini ma ja ne, ya zuba wa tasa motar, ita irin na wannan galan ɗin take so, harafi da harafi. Ta haɗa da sabuwar matatar mai da robar da ke zama a bakin farantin da ke ƙasan giya.

Asabar da hantsi ta zagaya layi sau biyu don man ya ɗumama ya yi saurin zuba. Ta hau da ƙafafun gaba kan wasu katakai biyu masu gangara da ke jingine bayan ɗaki, ta ja birkin hannu, ta tokare ƙafafun baya da bulo. Sannan ta jawo kujerar mijinta inuwa, inda zai ga komai.

"Malam, yau kai ne mai kallo. In na yi ba daidai ba, ga kofi, ka buga."

Ya ɗaga hannun hagu ya karɓi kofin ƙarfen, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

Ta sa tsohuwar rigar aikinsa, ta ɗaure zane da kyau, ta shimfiɗa kwalin ƙwai ta kwanta ta shige. Farantin da ke ƙasan giyar ba shi da wurin tsiyayar mai, notuna ne zagaye da shi. Wanda bai sani ba zai kwance su duka ya yi wanka da mai mai zafi. Ita ta fara da na baya, ta sassauta na gefe, ta bar biyu na gaba suna riƙe, farantin ya karkata ta kusurwa ɗaya, man ya gangaro cikin kwano salin-alin. Ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Da ya tsiyaye ta sauke farantin ta fito da shi rana. A cikin farantin nan gaskiyar take. In akwai ɓurɓushin ƙarfe masu ƙyalli, to bakanike ya ci gari. Ta ɗaga maganaɗisun da ke manne a ƙasa, ta murza abin da ya tara tsakanin yatsu. Laushi ne da shi, ba abin da ke suka. Ta sansana man, babu ƙauri. Ta kai wa mijinta farantin har gaban hanci, ya sansana, ya dangwala yatsa ya murza, ya gyaɗa kai sau biyu.

"Ka gani ko? Wai ta mutu. Allah ya shirya masu sufana."

Matatar da ta ciro kuwa ta toshe, nauyinta kaɗai ya isa shaida. Ta saka sabuwa, ta wanke farantin tas, ta shanya, ta ɗora sabuwar roba. Notunan ta ɗaure su a tsallake, wannan gefe sannan wancan, ba tare da matsewa da ƙarfi ba, don kada robar ta tsage. Kofi bai yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Ta sauko da motar ƙasa da turi, maƙwabciya ta taya ta. Ta buɗe bonet, ta zare tsinken awo, ta kafa mazurari a bakin bututun, ta dinga zuba sabon mai ja garau. Ta zuba ta auna, ta zuba ta auna, har ya kai layin sama cif. Tana cikin wanke hannu aka yi sallama.

Yaya ne da mai saye, wani siririn mutum da ya fara dukan tayoyi da ƙafa tun kafin ya gama amsa gaisuwa.

"Sannu da aiki, injiniya," in ji Yaya. "To, a nuna mana."

Ta shiga da ƙarfin gwiwarta, ta tayar, ta taka birki, ta ja giya zuwa tafiya, ta saki. Shiru. Ta taɓa totur, injin ya ɗaga murya, motar ta ja jiki kamar taku ɗaya ta tsaya. Jiya ma ta fi haka. Ta kashe, ta fito, ta zare tsinken awo a gabansu. Mai na nan a layin sama. Ta leƙa ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba.

Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda. Ta yi alkawari a gaban mutane, kuma ita ba ta iya janye magana ba.

"Kin yi ƙoƙari, ba wanda zai ce ba ki yi ba," in ji Yaya, kuma da tausayi ya faɗa. Ya miƙo hannu. "Kawo."

Sai kofi ya fara. Ba bugu ɗaya ba, duka ne ba ƙaƙƙautawa a hannun kujera, har mai saye ya ja da baya.

"Ruwa yake so," in ji Yaya. "A ba shi ruwa."

"Ba ruwa yake so ba." Ta durƙusa a gabansa. "Malam, me na bari?"

Ya saki kofin, ya murza yatsu a iska kamar mai tayar da mota. Ta koma ta tayar. Ta kai hannu ga giya, ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna bonet.

"In auna? Ai na auna." Ya sake nuna bonet, ya sake murza yatsu. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta gane. "In auna injin na aiki?"

Ya runtse ido ya gyaɗa kai.

Ta zare tsinken, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa, injin na ta kaɗawa a gefen fuskarta. Ɗan bakin tsinken kawai ya jiƙe. Ashe in an kashe mota man yakan koma faranti ya taru, ya nuna ya cika, in aka tayar sai famfo ya kwashe shi ya raba. Shekara ashirin tana wannan aikin da shi, ba ta taɓa ganin ƙarshensa ba, don da zarar ya fara zuba sabon mai yake tura ta ta juye tsohon a galan ta wanke kwano. Tana can bakin famfo tana fama da maiƙo, shi yana nan yana gama aikin.

"Kai dai Malam, Allah ya yafe maka," ta ce, tana dariya idonta na kawo ruwa. "Ka mayar da ni mai wanke-wanke a daidai wurin karatu."

Ta ƙara mai kaɗan-kaɗan. Ta shiga ta taka birki, ta bi da giyar kowane mataki, tana ɗan tsayawa a kowanne, yadda yake nuna mata da yatsa daga kujera. Ta sake aunawa, ta sake ƙarawa. Kusan lita guda motar ta shanye kafin ya ɗaga tafin hannu alamar ya isa.

Wannan karon tana jan giya motar ta amsa, wata 'yar girgiza mai taushi ta ratsa kujera. Ta saki birki, a-kori-kura ta fita ƙofar gida da kanta ba tare da an roƙe ta ba. Ta kai ƙarshen layi, ta hau babban titi, ta ji giya ta canza sau uku lami lafiya, ta juyo. Ta shigo da ribas, ta tsaya a inda ta tashi, ta sake auna man da zafinsa. Yana tsakanin layuka biyu.

Mai saye ya zagaya motar, idonsa ya buɗe. "Alhaji, yanzu ma na fi son ta. A yi magana."

Yaya ya sosa ƙeya. "To, ai kin ji. Yanzu ne ma za ta yi daraja, kafin ta sake..."

"Yaya, ba haka muka yi da kai ba. Amma ni ba zan yi jayayya da kai ba. Ga mai mota nan zaune. Shi ya gano abin da ni da kai da bakanike muka kasa. Ka tambaye shi."

Yaya ya juya ya kalli ƙanensa, kallon da ya daɗe bai yi masa ba. Ya tattara babbar rigarsa, ya tsuguna har gwiwarsa ta yi ƙara, fuskarsu ta daidaita.

"Ƙanena, motarka ce. A sayar ko a bari?"

Mai jinya ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na rawa, gumi ya tsatso masa a goshi. Ba wanda ya taya shi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna matarsa, da rigarsa a jikinta da baƙin mai a kumatu.

"Ta... tata ce."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ya tashi ya ja mai saye suka fita yana ba shi haƙuri.

Mai Ƙwai ta tsaya da makulli a hannu. Ta yi nasara, kuma ta ji daɗi, ba za ta ɓoye ba. Amma wata bakwai ke nan tana ce wa kowa riƙon ƙwarya take yi kafin Malam ya miƙe, shi ma in ta faɗa yakan gyaɗa kai. Yau da bakinsa ya gaya mata ba zai sake tuƙi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ta kama hannun nan da ba ya ji, ta riƙe shi da nata biyu masu maiƙo, ta yi kukan da ta ajiye tun sati na huɗu.