Manoma Sittin na Mashigin Kogi

Ordric majemi ne. Shekara ashirin yana gyara wa gidan Kiristoci masu zuhudu fatar rubutu, amma ko harafi ɗaya bai sani ba. Shi dai ya jeme fatar tunkiya, ya miƙe ta a katako, ya goge ta har ta yi laushi, sauran kuma na masu alƙalami ne.

Wata safiya shugaban gidan, mutumin Normandi, cikin baƙin da suka ci ƙasar da yaƙi, ya kira shi ya miƙa masa wani tsohon littafi.

"Fata ta yi tsada bana," in ji shi. "Ka kankare wannan, za mu rubuta addu'o'i da harshen Latin. Waƙoƙin tsofaffinku ne, ba mai karanta su."

"To, ranka ya daɗe."

Da ya isa gida ya ajiye littafin kusa da kwanon madara da dusa da ake jiƙa tsohuwar tawada da su. Uwarsa Leofrun tana juya faten wake, ta ɗago kai, ta ga bangon mai jan zare. Ta saki muciya.

"Wannan ai littafin yaƙin mashigi ne. Sunan babana yana ciki."

"Inna, wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani. Ina shekara bakwai aka ce masu zuhudu sun rubuta duk wanda ya faɗi ranar. Kai, kar ka taɓa shi sai na ji da kunnena."

Mahaifinta yana cikin mutanen ƙauyen da suka tare mayaƙan ƙetare a mashigin kogi. Ba a ga gawarsa ba, ba shi da kabari. Abin da ya rage mata kenan, cewa sunansa yana wani wuri a rubuce.

Mutum ɗaya ne ya rage mai iya karanta tsohon rubutun Ingilishi, wato Baba Wulfmar, ɗaya daga cikin masu zuhudun, wanda ya tsufa har an daina sa shi aiki. Mace ba ta shiga gidan zuhudu, don haka Ordric ya riƙo hannun tsohon ya kawo shi majema da hantsi.

"Wannan warin kuke shaƙa kullum?" in ji Wulfmar yana toshe hanci. "Shi ya sa ba kwa mutuwa. Mala'ika ma ba zai iya tsayawa ba."

"Zauna dai, Baba," in ji Leofrun. "Na san ka tun kana satar tuffa a gonar kawuna."

"Tuffar ma tsami gare ta."

Ya zauna a kan kututture, ya kawo littafin dab da idonsa, ya fara. Muryarsa ta sauya, ta yi nauyi, kalmomin suna tafe bibbiyu kamar shanun huɗa. Waƙar ta faɗi yadda hazo ya kwanta a kan ruwa, da yadda garkuwa ta haɗu da garkuwa. Ta kira sunan uban ƙasa da na ubansa. Ta kira ƙannensa biyu, da mai riƙe masa tuta, har takobinsa an faɗi sunansa. Leofrun ta tsaya da hannu a ƙirji, leɓenta yana motsi.

Wulfmar ya juya shafi na ƙarshe, ya karanta, sai ya tsaya.

"Ci gaba mana," ta ce.

"Ya ƙare, Leofrun."

"Ina sunan? Sæward ɗan Dudda. Duba da kyau, idonka ne."

Tsohon ya sa yatsa a kan wani layi. "Ga abin da ya ce. Manoma sittin suka kwanta tare da shi."

"Shi kenan?"

"Shi kenan."

Ordric ya sunkuyar da kai. Ruwa yana ta wucewa a ƙarƙashin katakon wanki.

Ta matso. "Nuna mini wurin."

Wulfmar ya kama yatsarta ya ɗora. Ta daɗe tana shafa layin, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"Takobi ya sami suna," ta ce a hankali. "Mutumin da ya tafi da lauje bai samu ba."

"Haka aka saba yin waƙa," in ji Wulfmar. "Wanda ya rubuta ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa kenan."

"Inna," in ji Ordric, "in kina so in koma in roƙi shugaba."

"Ka roƙe shi me? Kankare abinka, ɗana. Kar a kore ka a kan abin da babu mu a ciki."

Ya warware zaren, ya shimfiɗa shafin farko, ya zuba madara da dusa. Da tawadar ta jiƙa ya ɗauki dutsen guga. Yana cikin gugar ya ji uwarsa ta fara magana daga bayansa, ba da kowa ba.

"Sæward ɗan Dudda, mai jan gemu. Tovi maƙeri. Brunstan da ɗansa, waɗanda ke kiwon aladu a bakin daji."

Wulfmar ya juyo. "Sake faɗa. A hankali."

"Me za ka yi da su? Ba ka da fata, ba ka da ido."

"Ina da kunne."

Ta sake faɗa, shi kuma yana maimaitawa, yana jera su bibbiyu yadda za su hau muryar waƙa. Goma sha ɗaya ta iya tunawa. A na goma sha biyu ta tsaya, ta ce wani dogo ne mai ɗingishi, gidansa yana bayan gidan niƙa, amma sunan ya ɓace mata.

"Sa shi haka," ta ce. "Dogo mai ɗingishi."

Ordric ya ɗauki shafi na biyu ya ci gaba da aikinsa.